Hasumiyar Gobarau da Amanar Gini: Me Ke Riƙe da Rufin da Muke Sallah a Ƙarƙashinsa?

Duk ranar Juma'a dubban masallata a birnin Katsina suna tuɓe takalmansu, su shiga ƙarƙashin rufin da ya fi manyan motoci biyu cike da kaya nauyi, su daidaita sahu, su sa goshi a ƙasa, ba tare da ko mutum ɗaya ya ɗaga kai ya tambayi abin da ke riƙe da rufin ba. Wannan natsuwa ni'ima ce daga Allah, kuma amana ce da jama'a suka danƙa wa wanda ya zana ginin, da wanda ya kwaɓa simintin, da kwamitin da ya riƙe kuɗin.

A ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana tsakiyar sallar La'asar, wani ɓangare na Babban Masallacin Zariya ya rufto a kan masallata. Aƙalla mutum bakwai suka riga mu gidan gaskiya, wasu da dama suka jikkata. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu. Bayanin da ya fito daga fadar Zazzau a lokacin ya nuna cewa an lura da tsagewa a bango kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi ke nan sai ƙaddara ta riga fata. Ba a cika shekara ba, ranar 12 ga Yuli, 2024, benen wata makaranta ya rushe a Jos, ya hallaka mutum 22, mafi yawansu ɗalibai.

Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma Wanda Ya ƙaddara ajali Shi ne Ya sanya wa ƙasa da itace da ƙarfe ɗabi'un da ba sa canzawa don alfarmar kowa, kuma Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi da ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara ga Allah. Sanin abin da ke sa gini ya tsaya yana cikin ɗaure raƙumi. Kakanninmu sun san shi da hannu da ido, ya kamata mu san shi gwargwadon da zai hana a cuce mu, ya kuma hana mu cutar da wasu.

Nauyi ba ya ɓata

Duk abin da aka ɗora a kan gini sai ya sami hanyar da zai bi ya isa ƙasa. Rufi yana miƙa nauyinsa ga azara ko bim, su kuma su miƙa wa bango ko ginshiƙi, ginshiƙi ya miƙa wa harsashi, harsashi ya baza shi a kan ƙasar da aka yi ginin. Ɗaliban hadisi za su gane wannan da sauri, domin kamar isnadi yake: ko duk maruwaita amintattu ne, in ɗaya ya yi rauni, riwayar ta yi rauni.

Mu ɗan yi lissafi. Kankare mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, da tsayin mita ɗaya, yana kai kimanin kilo 2,400. Rufin kankare da muke kira dekin, in kaurinsa santimita 15 ne, kowace murabba'in mita tana da nauyin kilo 360. Masallacin unguwa mai faɗin mita 10 da tsawon mita 20 yana ɗauke ke nan da tan 72 a saman kawunan mutane, wato daidai da buhun siminti 1,440, tun kafin a aza komai a kansa. In aka mayar da saman wurin sallar mata ko Islamiyya, mutum 300 suka hau, aka ƙiyasta kowa a kilo 60, an ƙara tan 18. Tankin ruwa mai lita 1,000 kuwa tan ɗaya ne cur, kuma a wuri ɗaya yake zaune. Ginshiƙin da aka auna don rufi kaɗai ba ya sanin cewa kwamiti ya canza shawara.

Dannawa da ja

Iri biyu ne manyan ƙarfin da kayan gini ke fama da su: wani yana danna abu ya matse shi, wani yana jan sa ya miƙe shi. Igiyar guga tana jure ja, amma ba a dogara da ita kamar sanda. Tubali yana jure dannawa, a aza masa ɗaruruwan 'yan'uwansa ya ɗauka, amma in aka finciko shi daga gefe biyu sai ya rabe. Ƙasa da dutse da bulo da kankare duk 'yan gida ɗaya ne a wannan hali. Abin da kankare ke jurewa na ja bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na abin da yake jurewa na dannawa ba. Itace da ƙarfe kuwa suna jure ja sosai.

Duk wanda ya taɓa lanƙwasa karan dawa ya ga su biyun a lokaci ɗaya: bayan gwiwar yana tsagewa don ana jan sa, cikin gwiwar yana tattarewa don ana danna shi. Haka duk abin da aka gitta a kan bango biyu aka aza masa kaya yake, samansa a danne, ƙasansa a miƙe. Shi ya sa tsagewar linta daga ƙasa take farawa.

Siffa ma tana da nata rabon. Katakon da aka kwantar a kan faɗinsa yana lotsawa in yaro ya taka, amma in aka tsayar da shi a kan gefensa sai ya ɗauki babba bai motsa ba, alhali katakon bai canza ba. Masana lissafin gini sun tabbatar da cewa in aka ninka zurfin bim sau biyu, ƙarfinsa yana ninkuwa sau huɗu. Kwanon rufi da a shimfiɗe yake ba tudu ba kwari, da ya lanƙwashe kamar takarda. Gora da kara, Allah Ya halicce su da rami a ciki, ƙarfinsu yana a kewaye, ga sauƙin nauyi ga juriya. Kafinta kuma yana gitta katako a kan rufi ya fitar da kusurwa uku, domin mai kusurwa huɗu yana iya karkacewa, mai uku kuwa ba ya canza siffa sai wani gefensa ya karye.

Abin da Gobarau ke koyarwa

Mu mutanen Kambarawa da sauran unguwannin birnin Katsina ba mu da buƙatar tafiya nesa don ganin wannan ilimi a tsaye. Hasumiyar Gobarau, mai tsayin kimanin mita 15, ta ƙasa ce da itace. Tarihin da aka gada yana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, kuma ta kasance wani ɓangare na masallacin Juma'a da ya zama matattarar malamai da ɗalibai. An yi mata babban gyara a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ana kuma ci gaba da kula da ita. Wanda ya tsaya a gabanta zai ga gindinta mai faɗi ne, kowane hawa yana tsukewa fiye da wanda ke ƙarƙashinsa. Dalili a fili yake: tubalin da ke ƙasa yana ɗauke da duk abin da ke samansa, na can ƙoli kuwa kansa kawai yake ɗauke da shi. Saboda haka aka tara kauri inda nauyi ya taru, aka rage shi inda babu buƙata. Faɗin gindi kuma yana hana iska ta tunkuɗe ginin. Ganuwar birni a kan wannan tsari aka yi ta, haka ma hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27, wadda aka fara ginawa wajen 1515 aka sabunta ta a 1844.

Kishiyar wannan ita ce siririn ginshiƙi mai tsayi. In aka tsayar da dogon kara aka danna shi daga sama, ba ya murƙushewa, sai dai ya gantsare ta gefe ya karye. In aka ninka tsayin siririn ginshiƙi sau biyu ba a ƙara masa kauri ba, abin da zai iya ɗauka yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Masu son masallaci mai dogon rufi da siraran ginshiƙai don sahu ya sake, su riƙe wannan.

Kayan ma ba a yi musu gaggawa ba. Maginan da suna zaɓar ƙasa, su jiƙa ta, su zuba mata ciyawa, a tattake ta, a bar ta ta kwana da kwanaki kafin a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsukakken kai, a shanya shi ya bushe sarai. Ciyawar ita ce ke riƙe ƙasar kada ta tsattsage in tana bushewa, wato an ba ƙasa abokin da ke jure jan da ita ba ta iyawa. Bango kuma ba a tayar da shi rana ɗaya. Ana jera 'yan layuka a dakata su sha iska, sannan a ɗora.

Azara, bakan gizo da tulluwa

Babbar jarrabawar magini ita ce rufi, domin ƙasa ba ta iya gittawa a kan sarari. A nan azara ta shigo, wadda ake tsagawa daga giginya, itace mai tauri da gara ba ta cika damunsa ba. Sai dai azara tana da iyaka: in an aza mata ƙasar rufi, ba a barin tazarar da za ta gitta ta wuce kimanin mita biyu, domin in tazara ta ninku sau biyu, lanƙwasar da ke neman karya ta tana ninkuwa sau huɗu. Wannan ne ya sa ɗakunan da suke da tsuku.

To yaya aka yi zauruka da masallatai masu faɗi? Da farko magina suna fito da guntayen azara daga saman bango hawa-hawa, su rage tazarar, ko su gitta su a kusurwoyin ɗaki. Da aka so abin da ya fi haka sai aka zo da bakan gizo. Ana dasa azara a cikin bango tun daga ƙasa-ƙasa, kowane jeri ya ɗan zarce na ƙarƙashinsa yana karkata zuwa tsakiyar ɗaki, a ɗaure su tamau da igiya, a yi haka daga ɓangarori biyu har su haɗu a sama, sannan a lulluɓe su da ƙasa. In baka biyu suka gitta juna a tsakiya, shi ne ɗaurin guga, kuma a kansu ake zaunar da tulluwa. Lanƙwasar baka tana mayar da mafi yawan nauyi ya zama dannawa, abin da ƙasa ta ƙware a kai, ɗan jan da ya rage kuma azara ta ɗauke shi. Ƙasa da itace a cikin jiki ɗaya, kowanne yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Ba mamaki da Manzon Allah (SAW) ya so ya kwatanta muminai a tsakaninsu, sai ya kwatanta su da gini da sashensa ke ƙarfafa sashe, ya kuma sarƙa yatsunsa.

Da wannan fasaha Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, ginin da masana daga ƙasashe da dama suka zo suna aunawa suna rubutu a kansa. Da ita Alhaji Falke Barmu ya yi rufin masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, da ya fara ginawa a 1962, wanda ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Ƙa'idar baka da ƙubba ce kuma Mimar Sinan ya bi da dutse a masallacin Salimiyya da ke Edirne a Turkiyya, mai ƙubbar da faɗinta ya haura mita 31.

Amma baka tana da sharaɗi: tana tura ƙafafunta waje, kamar mutumin da ya buɗe ƙafa a kan santsi. Kaurin bangon da ke gefenta shi ne ke tare wannan turi. Wanda ya gaji tsohon soro ya fasa bangonsa don ya fitar da shago, ko ya sassaƙe kaurinsa don ɗaki ya ƙara faɗi, ya sani ya cire wa bakar abin da take tokare da shi.

Ruwa

Ƙasa busasshiya tana da ƙarfi, in ta jiƙe sai ƙarfin ya ragu nauyin ya ƙaru, musiba biyu a lokaci ɗaya. Rabin fasahar maginan da a kan korar ruwa take. Suna karkata rufi, su sa indararo mai tsawo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango. Suna yaɓe da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin awaki da dafara. Kuma kowace shekara kafin damina ana hawa a duba. A Jenne ta ƙasar Mali har yau gari guda ke fitowa shekara-shekara don yaɓe babban masallacinsu da aka gina a 1907. Gobarau ma da aka ce ta daɗe, hannayen da ba su gaji da gyara ba ne suka kawo ta yau.

Abubuwa uku ke kashe tsoffin gidajenmu a yanzu. Na farko, indararo da ya toshe: ruwan da ya kwanta a kan rufi zurfin santimita 10 yana ƙara kilo 100 a kowace murabba'in mita. Na biyu, ƙara ƙasa a kan rufi shekara bayan shekara don tsayar da yoyo, alhali azarar da ke ƙasa tsufa take yi. Na uku, shafe bangon ƙasa da siminti a ɗauka an huta: siminti ba ya kama ƙasa da kyau, in ya tsage ruwa ya shiga bayansa ba ya samun hanyar fita, sai bango ya riƙa narkewa a ɓoye fuskarsa tana sheƙi. A ƙara da lambatun da aka cika da shara, da titin da aka ɗaga ya fi daɓen gida tudu.

Ƙasar da ke ƙarƙashin harsashi ita ce maruwaicin ƙarshe a isnadin. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa don ɗibar ƙasar gini, da yawansu an cike su da bola an yanka filaye. Irin wannan wuri yana zama a hankali, kuma ba ya zama daidai, sai wani gefen gini ya riga wani nutsewa, bango ya tsage a karkace. A Suratut Tauba, da Allah Ya so Ya nuna mana aikin da ba a kafa shi a kan taƙawa ba, da ginin da aka aza a gaɓar da ruwa ya zaizaye ƙarƙashinta Ya buga misali. Ba a buga misali sai da abin da hankali ya riga ya sallama.

Siminti da rodi ba su soke ƙa'ida ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar an ce ginin siminti ne, magana ta ƙare. Alhali kankare da rodi su ne ƙasa da azara a sabuwar riga: kankare ya ɗauki dannawa, rodi ya ɗauki ja. Saboda haka wurin da aka sa rodin yana da muhimmanci kamar yawansa. A bim ko dekin da ke zaune a kan ginshiƙai biyu, tsakiyarsa ta ƙasa ake ja, can rodi zai zauna. A baranda da ta fito waje ba ginshiƙi a bakinta kuwa, sama ake ja, don haka rodin a sama yake. In leburori suka tattake shi ya koma ƙasa lokacin zuba kankare, kuɗin rodin an kashe, amfaninsa bai samu ba.

Rodi yana buƙatar kankare ya lulluɓe shi sosai. In ya yi kusa da fata, damshi ya kai gare shi, sai ya yi tsatsa, tsatsa kuma kumbura take yi ta fasa kankaren daga ciki. Wanda ya ga jan tabo a ƙasan dekin, ko ɓawon kankare yana faɗowa rodi ya bayyana, ya ga gargaɗi.

Kwaɓi ma yana da haddi. Yawan ruwa yana sauƙaƙa wa lebura aiki amma yana raunana kankare. Yashi mai laka yana hana siminti kamawa. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce ke ci gaba a cikinsa, shi ya sa ake ba shi ruwa aƙalla mako guda, ba a kuma auna cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28. A zafin Katsina da iskar hunturu, dekin da aka bari ba ruwa ya yi asarar ƙarfin da ba zai dawo ba. Wanda ya cire katakon tallafi da wuri don a kai wani aikin, da mai bulon da ke matsa buhu ɗaya ya haifi abin da ya fi ƙarfinsa, da mai kawo rodin da bai kai kaurin da aka rubuta ba, duk sun ci daga rabon da ba a ganinsa sai ranar da ya zama jana'iza.

Abin da magabata suka yi

Masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina da tubalin ƙasa aka gina shi, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa ganyen dabino. Rufi ne marar nauyi a kan ginshiƙan da suka ishe shi. Yana yoyo har an ga alamar ruwa da taɓo a goshinsa mai albarka, amma ba irin rufin da ke danne mutane ba ne. Sayyidina Umar (RA) ya faɗaɗa shi da irin waɗannan kaya. Da Sayyidina Usman (RA) ya sabunta shi, ya sa rufin katakon saji, sai ya yi bango da ginshiƙai na dutse. Rufi ya ƙara nauyi, abin da ke ɗauke da shi ya ƙara ƙarfi.

Da Ƙuraishawa suka sake gina Ka'aba bayan ambaliya ta raunana ta, Manzon Allah (SAW) yana da shekara 35, sun yi sharaɗin ba za su sa kuɗi ba sai na halal. Kuɗin suka gaza, sai suka rage girman ginin, suka bar wani sashe a waje, wanda yake cikin Hijir a yau. Darasin da kwamitocinmu za su ɗauka a nan babba ne: in kuɗi ya gaza, girman gini ake ragewa, ba a rage siminti da rodi. Ƙaramin masallaci mai rufin kwano da ya tsaya da ƙafarsa ya fi mai bene biyu da aka gina da fata-na-gari. Ɗakin Allah ma bai fita daga wannan sunna ta halitta ba, domin a shekara ta 1039 bayan Hijira ambaliya ta rushe wasu bangayen Ka'aba, aka sake gina ta a zamanin Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Huɗu.

Hukuncin bangon da ya karkata

Shari'a ba ta bar wannan babi ga injiniyoyi kaɗai ba. A Suratul Kahfi an ba mu labarin bawan Allah Halliru da ya tarar da bango yana shirin faɗuwa a garin da aka hana su abinci, ya tayar da shi ba tare da neman lada ba, don kare dukiyar marayu biyu. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaihu Khalil da ake karantawa a zaurukanmu, sun yi bayanin cewa in bango ya karkata, aka gargaɗi mai shi, yana da damar gyarawa bai gyara ba, to abin da bangon ya hallaka na rai ko dukiya yana wuyansa. A ƙarni na 14 wani magini a Tunis, Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba gine-ginen da ake jayayya a kansu, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. Kafin shi, a Ishbiliya ta Andalus, Ibnu Abdun ya sanya kaurin bango da girman tubali cikin abubuwan da mai hisba zai sa wa ido, da ma'aunin da za a riƙa gwada aikin masu yin tubali da shi.

Asalin duk wannan shi ne hana cuta da hana algus. Manzon Allah (SAW) ya taɓa cusa hannunsa cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa, ya ji damshi a ciki alhali saman a bushe yake, ya tsawata masa, ya kuma bayyana cewa mai algus ba ya cikinmu. In ɓoye jiƙaƙƙen hatsi ya kai ga wannan, ina ga wanda ya ɓoye ruɓaɓɓen bulo a bayan filasta da fenti? Mai sayen hatsi kuɗinsa kawai zai rasa. Kuma kuɗin masallaci waƙafi ne, tarin gudummawar 'yan kasuwa da ma'aikata da tsofaffin da suka ɗaure naira ɗari a bakin zane. Kyakkyawar niyyar ɗan kwamiti ba ta ɗauke masa alhakin ba da aiki ga wanda bai iya ba, ko da ɗan'uwansa ne.

Abin da ya rage gare mu

Kafin damina, kowane kwamitin masallaci da na Islamiyya, da kowane mai gida, ya zagaya gininsa da ido. Tsagewar da ta bi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda take ƙara buɗewa, ba ta fenti ba ce. A sa mata alama da kwanan wata, a dawo a duba. Ƙofar da ta fara ƙin rufuwa, da rufin da ya yi ciki, da azarar da ke zubar da gari, da bangon da ya rabu da ɗan'uwansa a kusurwa, duk magana suke yi. In alama ta yi ƙarfi, a fitar da mutane nan take, a yi sallah a fili, domin an sanya wa wannan al'umma ƙasa duka ta zama masallaci, kuma babu lada a jefa rai cikin halaka.

Kada a ɗora bene, ko tanki, ko ƙubbar kankare a kan ginin da ba a tsara shi don haka ba sai injiniya mai rajista da hukumar COREN ya duba harsashi da ginshiƙai, an kuma bi ta hukumar tsara birane. A masallatanmu akwai injiniyoyi da masu zanen gini da suke sahu ɗaya da mu. A nemi shawararsu tun kafin a haƙa harsashi, su ma su ɗauki wannan a matsayin sadakar iliminsu. Tsoffin maginan ƙasa da suka rage kuma a neme su in za a taɓa tsohon soro, a haɗa su da matasa su koya, domin wanda bai san yadda aka ɗaure bakan gizo ba bai san inda zai taɓa ya kwance shi ba.

Mu masu hawa mumbari ma muna da namu kason. Mun saba kwaɗaitar da jama'a da ladan wanda ya gina wa Allah masallaci, kuma gaskiya ne. Ya kamata mu haɗa da bayanin cewa kuɗin da aka biya injiniya, da buhun simintin da aka ƙi ragewa, da ruwan da aka yi mako ana ba dekin, da gyaran indararo, duk suna cikin ginin da ake fatan ladansa, ko da ba a rubuta sunan kowa a kansu ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda gini ya faɗa wa, Ya ba iyalansu haƙuri. Allah Ya tsare masallatanmu da makarantunmu da gidajenmu, Ya sanya albarka a hannun maginanmu, Ya ba mu ikon riƙe amana a inda ake gani da inda ba a gani. Amin.